Anti Riƙe da Zaren Tela

Kafin kowa ya leƙo ɗakin allura, Anti Riƙe ta riga ta iso. Ɗakin yana can ƙarshen dogon barandar asibiti, bayan wurin ɗaukar hoto, daidai inda fitila ɗaya ta ƙi gyaruwa duk da masu gyara sun gaji da hawa tsani. Takan ajiye jakarta, ta wanke hannu har gwiwa, ta kunna na'ura ta bar ta ta gama miƙa, don a cewarta ita ma na'urar ba ta son a tashe ta da gaggawa. Sai ta ɗauko kwanonta na roba, shuɗi mai tsagaggen baki, ta dangwarar da shi a kan kujerar bakin ƙofa. Duk mai shiga, likita ne ko marar lafiya, sai ya zuba ƙarfen jikinsa a ciki: makulli, waya, agogo, ɗankunne, har bel in kansa na ƙarfe ne. Akwai wani akwatin maganaɗisu a gefen gado da ke bin sawun allura, ƙarfe kuwa ruɗa shi yake yi. Shugaban asibiti da kansa ya taɓa zuwa da manyan baƙi, Anti ta tare shi da kwanon ta ce, "Ranka ya daɗe, a nan ake sauke kaya." Ya sauke, baƙin ma suka bi layi suka sauke.

Sunanta na gaskiya yana maƙale a ƙirjin rigarta, amma ba mai karanta shi. Anti Riƙe kowa ya sani, daga masu shara har likitoci, saboda kalmar da ta fi fita daga bakinta tun gashin kanta yana baƙi. Yanzu furfura ta ci rabinsa, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Shi ya sa mu abokan aikinta muka ga bai kamata ta fita ta ƙofar baya shiru kamar yadda take so ba.

Ga wanda bai taɓa shiga ɗakin ba, ga abin da ake yi a ciki. In hoto ya nuna wani ƙullutu a can cikin hanta ko ƙoda, ba a sanin ko mugu ne ko ba mugu ba sai an ɗebo ɗan namansa, siriri kamar zare, an kai gwaji. Da doguwar allura ake ɗebowa. A da, likita zai tura allurar kaɗan, kowa ya fita, a ɗauki hoto, a dawo, a ƙara turawa, a sake fita, marar lafiya yana kwance da allura a jiki yana kiran sunayen kakanninsa. Yanzu na'ura ta kawo sauƙi. Tana ɗaukar hoton da aka yi wa mutum tun farko ta mai da shi taswira, ta haɗa shi da hoton da ake gani a take, sannan ta zana koren layi a kan allo daga bakin allura zuwa ƙullutun. Likita ya karkata hannu, layin ya karkata. Kamar dai taswirar waya da ke nuna wa direba hanya yana cikin tafiya. Ranar da aka kawo ta wasu sun yi ta raɗa cewa aikin Anti ya ƙare, amma ita ce ta fara rungumar ta, har ta sa mata suna Jagora.

Sai dai akwai abin da Jagora ba ta iyawa. Hanta ba ta zama wuri ɗaya. Mutum ya ja numfashi ta sauka, ya saki ta hau, ƙullutun ma yana bin ta. Taswirar kuwa a kan numfashi ɗaya aka zana ta. In marar lafiya ya ja iska fiye da wadda ya ja ranar hoto, allo zai ce ga ƙullutu nan, alhali ya matsa da faɗin yatsa. Don haka ake manna wani ɗan abu a ƙirjinsa, wata fitila a gefen allo ta yi ja, sai numfashin ya dawo daidai da na taswira sannan ta koma kore. Na'ura za ta gaya maka an yi daidai, amma ba za ta iya sa mutumin da tsoro ya cika wa ciki ya tsaya cak ba. Wannan aikin Anti ne.

Tana da wata gajeriyar kujera a saitin kan gado. Takan zauna, ta ɗora tafin hannu a kafaɗar marar lafiya, ta sauke murya ƙasa, wata murya mai sanyi da ba a jin ta a baranda. "Ja. Saki rabi. Riƙe." Ta ɗaga yatsa ɗaya sama don likita ya gani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, in ta ce riƙe, ita ma riƙewa take yi. Ba ta duba agogo. In ƙirjinta ya fara neman iska, ta san na marar lafiya ya riga nata, sai ta sauke yatsa, likita ya tsayar da hannu, ta ce, "Saki." Dogon Likita, wanda suka fi daɗewa tare, yakan ce idonsa ɗaya yana kan allo, ɗaya yana kan yatsan Anti, shi ya sa matarsa take cewa ya fara harara garke.

Shaidu suna da yawa. Mai tura gadon marasa lafiya yana ba da labarin wani ƙato mai ɗaga ƙarfe da ya shigo yana cika baki cewa zai iya ɗauke numfashi har a gama aiki a share ɗaki. Anti ta ce masa, "Ɗana, ba dogon riƙo nake nema ba, riƙo iri ɗaya nake nema." Da ya hango tsawon allurar sai bakin ya mutu, ya kama gefen rigarta bai saki ba har aka gama, ita kuma ba ta taɓa yi masa gori ba, mai tura gado ne dai ya kasa riƙe cikinsa. Akwai wata tsohuwa da kunnenta ya toshe gaba ɗaya, Anti ta zauna da ita a baranda tana koya mata da matsa hannu: matsa ɗaya ja, matsa biyu riƙe. Akwai wata mai jego da ta fashe da kuka bayan an gama shirya komai, likita yana tsaye da safar hannu. Anti ta ɗaga masa ido ta ce, "Likita, ɗan zauna. Kuka ma numfashi ne, in bai fita yanzu ba zai fita allura tana ciki." Ya zauna, suka jira ta har ta share hawaye da kanta.

Ke ce, Anti, wadda ba ki taɓa sa wani ya riƙe abin da ke ba za ki iya riƙewa ba. Mutane suna fita daga ɗakin nan suna yi wa likita godiya, suna yaba na'ura, ke kuma kina bakin ƙofa kina mayar musu da makullansu. Sanyin kafaɗa, maganin rawar jiki.

Amma wanzami ba ya son jarfa, kuma Anti ta gane haka a shekarar nan ta ƙarshe.

Mijinta tela ne, shagonsa yana kan kwanar layinsu. In ana neman mutumin da bakinsa ba ya hutawa, to an same shi. Yana magana da fil a baki, yana magana keke yana gudu, yana ba da labari yana yi wa kansa dariya tun kafin ya kai ƙarshe. A gida ba ya kiran ta da komai sai "Ranki ya daɗe", wai don ita ce gwamnati. Wani ciwo ya dame shi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya yi ta ɓoyewa har Anti ta kama shi yana dafe wurin. Hoto ya nuna ƙullutu a hanta, bai fi ƙwayar wake ba, amma yana can ciki, jingine da wata babbar jijiyar jini. Dogon Likita bai ɓoye mata komai ba, don ba a ɓoye wa Anti hoto. In allura ta samu wurin, shi ke nan. In ba ta samu ba, sai an buɗe cikin, kuma likitan zuciya ya riga ya faɗa cewa zuciyar Tela ba ta da ƙarfin doguwar tiyata.

Ranar aikin Tela ya zuba almakashinsa na aljihu da makullin shago a kwanon roba yana cewa a ba shi shaida, don ya san halin mai kwanon. Aka kwantar da shi, aka ɗaga hannunsa na dama bisa kai, aka manna masa abin ƙirji. Anti ta zauna a kujerarta, ta ɗora hannu a kafaɗarsa, ta sauke murya.

"Ja. Saki rabi..."

Tela ya buɗe ido ɗaya. "Ranki ya daɗe, ashe kina da irin wannan muryar? To ina kike ajiye ta in za ki dawo gida?"

Ya tuntsire da dariya, gado yana girgiza, fitila ta yi ja wur. Dogon Likita ma sai da ya juya baya. Aka sake. Da ta kai "riƙe" sai kumatunsa su kumbura, dariyar ta kufce ta hanci. Aka sake, aka sake. Anti ta daka masa tsawa da muryar gida, ya ce, "Yawwa, ga wadda na sani," abin ya ƙara lalacewa. Ba a ko huda fata ba Likita ya cire safar hannu. Ya ja Anti gefe ya ce a hankali, "Za mu ƙara gwadawa sau ɗaya, sati mai zuwa. Kusa da wannan jijiyar ba zan shiga da fitila tana rawa ba. In bai yiwu ba, kin san sauran."

Suka kama hanyar gida. Ranta ya ɓaci, kunya kuma ta ishe ta, ga tsoro a ƙarƙashin duka biyun. Sai da suka shiga gida ta juyo ta ce, "Baban yara, da ranka kake wasa? Mutanen da ban taɓa gani ba suna jin maganata, kai kaɗai ne ka gagare ni?"

Tela ya zauna a bakin gado yana murza hularsa. A karon farko ba dariya a fuskarsa. "In na daina dariyar, tsoro ne zai hau kaina," ya ce. "Kuma hannunki rawa yake yi a kafaɗata. Na ji shi. In ke da kika saba kin tsorata, ni me zan kama?"

Ba ta musa ba, don gaskiya ya faɗa. Ita ma ta lura numfashinta bai kai ko'ina ba a ɗakin, tana cewa riƙe ƙirjinta yana bugawa kamar na sabuwar ma'aikaciya.

Ranar hutunta ta kai masa shayi shago da hantsi, ta zauna a benci tana kallonsa ba don komai ba, sai don zama a gida ya gagare ta. Yana ba wani mai kawo ɗinki labarin yadda ya kori likitoci da dariya, hannu yana tafiya baki yana tafiya. Sai ya ɗauki allurar hannu zai kama bakin aljihu. Ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allurar saitin hasken ƙofa, labarin ya tsaya a tsakiyar kalma. Kafaɗarsa ta tsaya, cikinsa ya tsaya. Zaren ya shige, ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba abin da ya faru.

Tun suna ango da amarya take ganin wannan, amma ba ta taɓa kallonsa da idon aiki ba. Ta tashi ta zare zaren daga allurar.

"Sake."

"Ikon Allah. Ranki ya daɗe, lafiya?"

"Na ce sake."

Ta ɗora tafin hannu a bayansa. Ya ja iska, ya saki rabi, ya tsaya cak. Ta zare, ya sake. Ta zare, ya sake. Kowane karo a wuri ɗaya ƙirjin yake tsayawa, ba ƙari ba ragi, abin da take shan wahalar koya wa mutane shi sana'a ta koya masa tun yana yaro. Mai kawo ɗinkin ya tattara yadinsa ya ce zai dawo in sun gama.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Anti ta kai wa Dogon Likita maganar, ya saurara har ƙarshe, ya ce to sai a sake ɗaukar hoton taswira a kan wannan numfashin na zare, don na farkon ba zai yi daidai da shi ba. Allurar ɗinki dai ƙarfe ce, kwanon Anti ba zai bar ta ta wuce ba, ko da ta mijin mai kwanon ce. Saboda haka aka ba Tela guntun baƙin zare a hannun hagu, aka ce ya rufe ido ya hango allurar. Ya ce, "Zare ba allura?" Anti ta ce, "Allurar tana hannun Likita, kai dai ji da zaren."

Sai abu na biyu, wanda ya fi mata wuya. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin, uwar 'ya'ya uku, da ake kira Mai Tabarau. Shekara da shekaru Anti tana koya mata aikin, tana sa ta riƙe numfashi tare da ita a lokacin shan shayi, amma in dai Anti tana nan ba wanda ya taɓa hawa gajeriyar kujerar. Da safen ranar aiki na biyu Anti ta ɗauki kujerar da hannunta ta ajiye a gaban Mai Tabarau.

"Anti, ni? A kan Baba?"

"Ke. Hannuna ba zai yi masa ba, naki zai yi. Kada ki ce masa riƙe, zai tuna da ni ya yi dariya. Ɗinki za ki ba shi."

Ta fita, ta shiga ɗan ɗakin da ke bayan gilashi, inda ake hango gado da allo amma ba ka jin su, su ma ba sa jin ka.

Mai Tabarau ta zauna ta ɗora hannu a kafaɗar Tela. "Baba, rufe ido. Baƙin zare ne, allurar kuma 'yar mitsitsiya ce, irin ta wuyan riga."

"Kai, 'yata, wannan ai sai da tabarau. Ara min naki."

"Ba aro yau. Lashi zaren, Baba."

Ya kai zaren baki ya lasa, ya ɗaga shi sama kaɗan. Bakin ya mutu. Fitila ta koma kore ta tsaya. Mai Tabarau ta ɗaga yatsa. A kan allo koren layin ya miƙe zuwa ƙullutun, wani farin ɗigo, wanda shi ne bakin allura, ya fara bin sa a hankali. Yatsa ya sauka, Likita ya tsaya, Tela ya shaƙi iska ya ce zaren ya lanƙwashe. Mai Tabarau ta ce to a sake lasa. Kore. Farin ɗigon ya ci gaba, ya zo gefen baƙar inuwar jijiyar, ya bi ta gefenta kamar mai bin bango a lungu, ya shige ƙullutun. Aka ji ƙas. Likita ya zaro allurar ya duba, ga ɗan naman nan siriri a bakinta.

"Saki, Baba."

"Ya shiga?"

"Ya shiga."

"Ai na gaya muku, ban taɓa kuskure ba sai in an yi min magana."

Mai Tabarau tana danne wurin da auduga sai ta ɗaga kai ta dubi gilashi. Anti tana tsaye, tafin hannunta ɗaya manne da gilashin, yatsan ɗaya hannun a sama, fuskarta ta canza launi. Ba ta ji an ce saki ba, kuma ba ta iya gaya wa kanta ba. Mai Tabarau ta miƙa wa Likita audugar, ta ruga ta buɗe ƙofa.

"Anti, an gama. Ke ma saki."

Ta saki, kuka ya biyo iskar. Tela daga kan gado ya ɗaga murya ya ce, "Ku ba ta kujera, don Allah, ta fi ni jin jiki."

Sakamako ya fito, ƙullutun ba mugu ba ne, magani da sa ido kawai yake buƙata. Tela ya koma shago, kuma duk wanda ya kai masa ɗinki yanzu sai ya ji yadda shi ya jagoranci aikin da kansa, likita dai taimaka masa ya yi. Ya ɗinka wa gajeriyar kujerar sabuwar riga mai laushi, ba ko maɓallin ƙarfe ɗaya a jiki, don ya ce ba zai so a jefa aikinsa a kwano ba. Mai Tabarau ce ke zama a kai yanzu. Ta ɗauki wata ɗabi'a kuma: kafin ta kwantar da mutum sai ta tambaye shi sana'arsa, da abin da yake yi in ya nutsu har ya manta da kansa. Mai ɗaukar hoto yana da nasa, mai zuba magani a ido tana da nata.

Anti, mun gode. Mun gode a madadin ƙaton nan da tsohuwar nan da mai jegon nan, da sauran da ba za su iya tuna fuskarki ba don idonsu a rufe yake, amma suna tuna nauyin hannunki. Ke ce kika karɓi sabuwar na'ura ba tare da kishi ba, kika ba ta abin da ba ta da shi. Ke ce kika koya wa wata aikinki tun ba a roƙe ki ba, kuma ranar da ya fi kowace rana tsada a wurinki kika yarda hannunta ya fi naki. Duk mai aiki da mutanen da tsoro ya kama, a asibiti ne ko a aji ko a bayan tebur, ya dubi wannan matar. In ka ce wa wani ya daure, daure tare da shi. Ka kuma tanadi wanda zai hau kujerarka tun kana da ƙarfin tsayawa.

Kwanon roba zai zauna a bakin ƙofa, Jagora za ta ci gaba da zana koren layinta, marasa lafiya suna hannu mai kyau. Tun kina budurwar ma'aikaciya kike riƙewa saboda mutane. Allura ta fita, Anti. Je ki gida wurin mai surutun nan naki, ki saki.